Gani Ya Kori Ji: Yadda Bidiyo Ke Danne Waƙar da Aka Yi Shi Dominta

A ranar 2 ga Disamba, 1983, tashar talabijin ta MTV a Amurka ta haska bidiyon waƙar Michael Jackson mai suna Thriller. A faifai, waƙar ba ta cika minti shida ba. Bidiyon kuwa ya kusa minti goma sha huɗu, kuma sai mai kallo ya share fiye da minti huɗu yana bin saurayi da budurwa a daji, mai ya ƙare musu a mota, wata ya fito, saurayin ya rikiɗe ya zama dodo, sannan a gane ashe fim ne ake kallo a silima, kafin kiɗan ya tashi. Ko da ya tashi ɗin ma, ba yadda mutane suka san waƙar ta zo ba. John Landis, daraktan da ya ja ragamar aikin, ya warware ta ya sake mata ɗinki: an jero baitocin ɗaya bayan ɗaya ba amshi a tsakaninsu, aka ajiye amshin sai can gaba, bayan gawarwaki sun fito daga kaburbura sun yi rawarsu. Rod Temperton, Baturen Ingila da ya rubuta waƙar, da Quincy Jones da ya tsara kiɗanta, sun gina ta ne yadda kowane baiti zai tara wa mai sauraro ɗoki, amshi ya zo ya sauke masa. Bidiyon ya rushe wannan tsarin don labarin fim ya samu wurin zama. Duniya ba ta yi ƙorafi ba, tafi ma ta yi. A 2009 babban ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya shi cikin kundin finafinan da ƙasar take adanawa, kuma shi ne bidiyon waƙa na farko da ya samu wannan matsayi.

Tun daga lokacin masu shirya bidiyon waƙa suka samu hujjar da suke kafawa har yau: idan Michael Jackson ya yi, wa zai hana mu? Abin da suke mantawa shi ne faifan da waƙar take ciki ya fito tun ƙarshen 1982. Shekara guda cur mutane suna sauraron ta a gidajensu da motocinsu, sun haddace inda baiti yake ƙarewa da inda amshi yake shigowa, kowa ya riga ya zana nasa dodon a zuciya kafin Landis ya zo da nasa. Waƙar ta riga ta tsaya da ƙafarta, duk yadda aka juya ta a fim ba abin da zai same ta. Yau al'amarin ya juye. Waƙa da bidiyonta rana ɗaya suke fita, sau da yawa ma bidiyon ne ƙofar da mai sauraro zai fara shiga ta cikinta, a YouTube ko a guntun da aka yanko aka ɗora a TikTok. Waƙar da aka katse tun ranar haihuwarta ba ta da wata rayuwa ta daban da za ta koma. Shi ya sa nake ganin ɗabi'ar tsayar da kiɗa don a yi wasan kwaikwayo, da ta cika bidiyo da abin da zai janye hankali daga abin da mawaƙi yake faɗa, sun fi yi wa waƙa ɓarna yanzu fiye da zamanin da aka ƙirƙiro su. Ɓarnar kuma ta fi tsanani a kan waƙar da ƙarfinta yake cikin maganarta, irin tamu ta Hausa.

Asalin bidiyon waƙa talla ne. Lokacin da MTV ta fara aiki a ranar 1 ga Agusta, 1981, kyauta kamfanonin faifai suke ba ta bidiyoyin mawaƙansu, don matashi ya gani ya je kanti ya sayi faifai. Thriller ne ya sauya wannan lissafi. Kuɗin da ya ci, aƙalla dala dubu 500, ya fi ƙarfin abin da kamfanin faifan Jackson ya yarda ya kashe, sai aka ɗauki fim na daban a kan yadda aka shirya shi, aka sayar wa MTV da tashar Showtime, aka kuma buga shi a kaset ya shiga kasuwa. Daga ranar bidiyo ya tashi daga ɗan aike ya zama haja mai zaman kanta, da nata ciniki da nata taurari. Jackson ya daina kiran ayyukansa bidiyo, gajerun finafinai yake ce musu. A 1987 ya ɗauko Martin Scorsese, ɗaya daga cikin manyan daraktocin Amurka, ya shirya masa Bad: minti goma sha takwas, mafi yawansu wasan kwaikwayo ne na wani ɗalibi da ya dawo hutu unguwarsu abokansa suna yi masa kallon ya zama rago, a kan waƙar da tsawonta bai wuce minti huɗu da 'yan daƙiƙoƙi ba.

Inda abin ya fito fili sosai shi ne Black or White a Nuwamban 1991, wanda aka haska a ƙasashe 27 a lokaci guda. Waƙa ce mai kira a daina fifita mutum saboda launin fatarsa, kuma ɓangaren da fuskokin mutane daban-daban suke narkewa cikin juna ya yi wa wannan saƙo hidima yadda ya kamata. Amma bayan waƙar ta ƙare sai aka ƙara kusan minti huɗu ba kiɗa ba waƙa. Baƙar damisa ta rikiɗe ta zama Jackson, yana rawa shi kaɗai a titi cikin dare, yana ihu, yana farfasa gilasan mota da tagogi, yana taɓa jikinsa ta yadda iyayen da suka zauna kallo da 'ya'yansu suka fusata. Kashegari ba wanda yake zancen wariyar launin fata. Maganar gilashi da rawa ce ta cika jaridu, har Jackson ya fito ya ba da haƙuri aka yanke ɓangaren. Waƙar ta hau saman jadawalin kasuwa, wannan gaskiya ne, amma zancen da aka yi ta don a tayar, minti huɗun nan suka binne shi.

Shekara goma sha tara bayan haka Lady Gaga da Beyoncé suka fitar da bidiyon Telephone, a 2010. Waƙar ba ta kai minti huɗu ba, kuma abin da take magana a kai ƙarami ne: mace tana wurin rawa, ana damunta da kiran waya, ba ta son ɗauka. Bidiyon da Jonas Åkerlund ya shirya mata ya haura minti tara, da gidan yari, da beli, da guba a abincin masu cin abinci a wani shago, da tallace-tallacen kamfanonin waya da lemo da aka cusa a tsakani. Ana tsaka da waƙa sai a tsayar da ita don jarumai biyun su yi hira a mota. Wanda ya kalli wannan aikin zai iya ba ka labarinsa tiryan-tiryan, amma tambaye shi abin da waƙar take cewa ka ga ya yi shiru.

Akwai dalilin da ya sa katsewar take ciwo, kuma duk wanda ya taɓa taka rawa ya san shi ko da bai iya bayyana shi ba. Kiɗa yana aiki ne da sa rai. Da zarar bugun farko da na biyu sun shiga kunne, jiki ya fara lissafin inda na uku zai faɗo, kuma daɗin waƙa yana cikin cikar wannan lissafi, ko cikin ɗan jinkirin da gwanin makaɗi yake yi da gangan kafin ya cika shi. Idan aka ɗauke kiɗan ɗungurungum don wani ya buɗe ƙofar mota ya ce wa budurwa ta shigo, lissafin ya watse. Kiɗan zai dawo, amma daga tushe mai sauraro zai sake farawa, abin da baitocin baya suka tara ya riga ya zube. Haka nan ƙarar bindiga, da ƙarar waya, da dariyar 'yan wasa da ake ɗorawa a kan muryar mawaƙi. Ko ba a tsayar da komai ba, ido yana da rinjaye a kan kunne: idan ana sauya hoto kafin ka ƙifta ido, daga jirgin ruwa zuwa falon alfarma zuwa taron 'yan rawa, hankali hoton zai bi, maganar waƙar kuma ta koma wani amo da ake ji daga nesa.

Nijeriya tana da nata misalan, kuma uku daga cikin waɗanda suka fi tayar da ƙura sun shafi Arewa kai tsaye. A Oktoban 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau daga Kannywood saboda fitowar da ta yi a bidiyon waƙar ClassiQ mai suna I Love You, inda aka ga suna riƙe hannu da rungumar juna. Labarin ya kai kafofin watsa labarai na duniya, an yi makonni ana muhawara, amma cikin masu zagi da masu karewa kaɗan ne za su iya rera maka baiti ɗaya na waƙar. A 2018 Falz ya fitar da This Is Nigeria, waƙar da ta taɓo cin hanci, da zaluncin jami'an tsaro, da shan ƙwaya, da masu cin kasuwa da sunan addini. Abin da ya mamaye zance shi ne 'yan mata sanye da hijabi suna rawar shaku-shaku a bayansa, har ƙungiyar Musulmi ta MURIC ta ba shi wa'adin kwana bakwai ya janye bidiyon. A Yulin 2023 kuma Davido ya ɗora guntun bidiyon Jaye Lo na yaronsa Logos Olori, inda wasu maza cikin fararen kaya suka idar da abin da ya yi kama da salla suka ɓarke da rawa a gaban wani gini mai siffar masallaci. Musulmi sun ji ciwon abin, kuma suna da dalili, Davido ya goge shi. Hukuncin da kowa zai yanke a kan waɗannan hotuna uku daban ne, ba kuma shi nake bi ba a nan. Abin lura shi ne a duka ukun waƙar ce ta yi asara. Ta Falz ce ma ta fi ban takaici, domin ita tana da abin faɗa, kuma mutanen da ya fi kamata su ji shi sun tsaya a kan hijabi ba su ƙarasa ciki ba.

A Kannywood lamarin ya zo ta wata fuska. Can waƙa ce take katse fim, gadon finafinan Indiya da aka shafe shekaru ana kallo a silimun Kano da Kaduna da Jos tun kafin a fara na Hausa a kaset. Tare da rawa da waƙar aka gaji wata al'ada: mawaƙi ya rera a situdiyo, jarumi ya hau waƙar a gaban kyamara yana motsa baki. A Indiya dai an san masu muryar, Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi da Kishore Kumar sun yi suna daidai da jaruman da suka ara wa murya. A nan kuwa shekaru aka yi masu kallo da yawa suna ɗauka marigayi Rabilu Musa Ibro ne yake rera waƙoƙin barkwancin finafinansa, alhali da dama daga cikinsu muryar Sadi Sidi Sharifai ce. Mawaƙa mata irin su Fati Nijar da Maryam A. Baba sun cika gidajen mutane da muryarsu tun kafin a san fuskarsu. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ma, tun kafa ta a 2001, rawa da sutura suna cikin abin da ta fi sa wa ido. Ɗaurin da aka yi wa Adam A. Zango a 2007 a kan bidiyon Bahaushiya ne, kuma yau an fi tuna ɗaurin fiye da waƙoƙin da suke cikin faifan.

Mai ja da wannan magana zai ce, kuma ba ƙarya ya yi ba, waƙar Hausa ba ta taɓa zama abin kunne kaɗai ba. Rediyo da kaset ne suka raba murya da mai ita. Kafin su, wanda zai ji Narambaɗa sai ya je fadar Isa ya gan shi da 'yan amshinsa, wanda zai ji Shata sai ya je wajen biki ko dandali, ya ga masu kalangu, ya ga 'yan rawa, ya ga mai kuɗi ya taso yana liƙi. Katsewa ma ba baƙuwa ba ce a wurin. Sanƙira yana kutsowa ya yi shelar kyautar da aka bayar, mawaƙi yana barin ɗan waƙar da ya ɗauko ya juya ya yi wa wanda ya shigo kirari, wani lokaci har ya tanka wa wanda ya ɓata masa rai a cikin taro. To me ya sa wannan ya zama gwaninta, na bidiyo kuma ya zama laifi?

Bambancin yana wajen wanda yake riƙe da linzami. Idan Shata ya tsaya ya yi magana, kalangu ba ya tsayawa, 'yan amshi suna nan riƙe da gindin waƙar, kuma shi da kansa ya zaɓi inda zai fita da inda zai dawo, har fitar ta zama wani ɗa daga cikin 'ya'yan waƙar. Sanƙira ma ya san gaɓar da ake shiga, idan ya shiga inda bai dace ba sai ya ji a jikinsa. Duk abin da ido yake gani a dandali daga waƙar yake fitowa: hannun da yake matse kalangu shi ne yake ba da amon da kake ji, ƙafar mai rawa bugun take bi. Katsewar bidiyo daga waje take zuwa. Wani mutum ne daban, a wata rana daban, a gaban kwamfuta, ya ɗora almakashi a tsakiyar baiti saboda labarin da ya rubuta yana bukatar jaruma ta yi kuka a nan. Tsoffin hotunan da gidajen talabijin na Arewa suka ɗauka na Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos suna nan suna yawo a intanet, ba ado ba dabara, kyamara ta tsaya tana shaida kawai. Ba wanda ya taɓa kallon Ɗanmaraya da kuntiginsa ya tashi bai san abin da aka ce ba.

Akwai kuma wata asarar da ta fi wannan zurfi. Waƙar Hausa magana ce da aka ɗora a kan kiɗa: zambo, habaici, kirari, tarihin gidan sarauta, wa'azi, karin maganar da sai ka juya ta sau biyu kafin ka gane wanda aka soka. Irin wannan waƙa mai sauraro ne yake ƙarasa ta. Dubban mutanen da suka ji waƙar Shago ta Ɗan'anace a Rediyon Kaduna ba su taɓa ganin ɗan damben ba, amma kowannensu yana da nasa Shagon a ka, kuma na kowa ya fi duk wanda kyamara za ta iya nunawa girma da ban tsoro. Bidiyo mai labari yana ƙwace wannan aikin daga hannun mai sauraro. Waƙar soyayya da Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef zai rera, wadda bazawara a Damagaram da ɗalibi a Zariya da direban tirela a Kumasi kowa zai ji kamar da shi ake, da zarar an ɗora mata fuskar jarumi kaza da jaruma kaza a gidan bene mai wurin ninkaya, ta zama labarin waɗannan biyun. Waƙar da kiɗa ne jarinta, ba ta da wata magana sai kalma huɗu da ake nanatawa, ba ta rasa komai idan an rufe ta da hoto. Mai magana ce take rasawa.

Hujja ta biyu ta mai ja da maganata ta fi ƙarfi, kuma ba zan yi kamar ban gan ta ba: akwai waƙoƙin da bidiyo ya raya. Take On Me ta ƙungiyar a-ha ta ƙasar Norway ta fito a 1984 ba ta yi tasiri a wajen ƙasarsu ba, sai a 1985 da Steve Barron ya yi mata bidiyon da ya haɗa zanen fensir da mutane na gaske ta hau matsayi na ɗaya a Amurka. Sai dai a tuna cewa kafin wannan nasarar an sake ɗaukar waƙar gaba ɗaya a situdiyo da sabon tsarin kiɗa, kuma bidiyon bai yanke ta ko sau ɗaya ba, da ita ya fara da ita ya ƙare, shi ya sa har yau ana jin ta a rediyo ba a nemi hoton ba. This Is America ta Childish Gambino, wadda Falz ya kwaikwaya, ita ce misalin da ya fi wuyar turewa. A bidiyon da Hiro Murai ya shirya a 2018, harbin bindiga ne yake sauya kiɗan daga waƙar coci mai daɗi zuwa amo mai nauyi, har akwai inda komai yake yin tsit na 'yan daƙiƙoƙi. Amma a nan tare aka yi tunanin waƙar da hoton, katsewar ita ce saƙon, domin rayuwar da ake bayani a kai haka bindiga take katse ta. Duk da haka farashin yana nan: wanda ya saurari waƙar ba hoto zai ji kamar an cire mata wani sashe na jiki. Aiki ne babba, amma fim ne mai kiɗa. Mawaƙin da yake son ya bi wannan hanya yana da 'yancinsa, muddin ya san abin da ya zaɓa. Mafi yawan masu tsayar da kiɗa don a nuna ana sauke akwati daga but ɗin mota ba wani saƙo suke isarwa ba, sun dai ga ana yi ne.

Sauran hujjar ta kasuwa ce, kuma ita ce ainihin mai tuƙa motar. A Fabrairun 2013 mujallar Billboard ta fara lissafa kallon YouTube cikin ma'aunin da take jera waƙoƙi da shi, kuma nan take Harlem Shake ta Baauer ta haye matsayi na ɗaya, ba don mutane sun zauna sun saurare ta ba, sai don dubban bidiyoyi na daƙiƙa talatin da jama'a suka yi ta ɗauka suna tsalle-tsalle da ita. Mun ga irinsa a gida a 2020, lokacin kullen korona, da Jaruma ta Hamisu Breaker. Matan aure suka yi ta ɗora bidiyon kansu suna taka wa mazajensu rawa, malamai suka yi magana, shafukan sada zumunta suka rabu biyu. Waƙar ta samu karɓuwar da kuɗi ba zai saya ba, amma guntun da ake rawa da shi ne ya zagaya, kuma sunanta ya manne da rigimar. Mawaƙi yana kallon wannan, yana kuma sane da cewa manhajoji irin Spotify ba sa lissafa sauraro sai an kai daƙiƙa talatin, don haka ya fara rubuta waƙa yana tunanin wane yanki ne za a yanka a hau. A nan hoto ya daina jiran waƙa ta gama kafin ya shigo, ya shiga har ɗakin da ake rubuta ta. Ba na zargin wanda yake neman abincinsa. Abin da nake cewa shi ne lissafin gajere ne: rawar yayi wata biyu take yi, waƙar da aka yi don ita kuma tare suke tafiya, alhali Bakandamiyar Shata tana nan ana saurare fiye da shekara ashirin da biyar bayan rasuwarsa a 1999.

Za a ce ai mai son waƙa zalla sai ya nemi ta sauti, tana nan a manhaja. Wannan magana ce ta wanda yake da katin banki da data mai yawa. Mafi yawan masu sauraro a Arewa da Nijar ta YouTube suke samun waƙa, ko ta hannun masu tura waƙoƙi a memori a kasuwannin waya irin Farm Centre ta Kano, ko daga wayar aboki. Sau da yawa abin da ake turawa daga bidiyon aka ciro shi, da gaisuwar 'yan wasa, da ƙarar ƙofa, da rigimar uwar miji ta minti biyu kafin a ji fiyano. Ɗan adaidaita sahu da ya kunna ta a hanya ba ya ganin komai, surutu kawai yake ji a tsakiyar waƙarsa. Wanda kuma yake kallo da datar naira ɗari biyu, kuɗinsa ne yake ƙonewa a kan wasan kwaikwayon da bai nema ba. Ga waɗannan mutane, kuma su ne mafi yawa, sigar bidiyon ita ce waƙar, babu wata.

Ba wai kyamara ba ta da abin yi ba ne. John Maybury ya ɗauki bidiyon Nothing Compares 2 U na Sinéad O'Connor, kusan dukkansa fuskarta ce kawai a kan baƙin bango tana rerawa, kuma aikin ya lashe kyautar bidiyon shekara ta MTV a 1990. Single Ladies ta Beyoncé a 2008 mata uku ne suna rawa a ɗaki ba komai a cikinsa, kowane taku a kan bugun kiɗa. Irin waɗannan ba su fi na gidan bene da jerin motoci wahalar kuɗi ba, sun dai fi bukatar darakta ya saurari waƙar sau da yawa kafin ya taɓa kyamara, ya kuma yarda cewa shi ɗan rakiyar amarya ne, bai kamata adonsa ya fi nata ba. Wannan yardar ce take wuya yanzu da darakta ya zama tauraro. A Legas, a farkon 2023, mawaƙi Portable ya fito fili yana kokawa cewa TG Omori ya nemi dala dubu 50 don ya ɗaukar masa bidiyo ɗaya. Kuɗin da ake zubawa a hayar gida da motoci da tufafi na yini guda ya ninka abin da ake biyan wanda ya zauna ya tsara kiɗan, balle wanda ya taya rubuta baitocin.

Ana iya ganin inda daraja ta koma ta hanyar duba sunayen da ake rubutawa. Bidiyoyin Legas da sunan darakta suke buɗewa, da manyan baƙaƙe, tun kafin a ji sautin farko. A namu na Hausa kuwa, ka duba kan bidiyon waƙar soyayya a YouTube: sunan mawaƙi, sai sunan jarumar da ta hau waƙar, wani lokaci har da na jarumin da ya tsaya kusa da ita. Yarinyar da ta shiga situdiyo a titin gidan Zoo a Kano ta rera rabin baitocin, wadda muryarta ce take fita daga bakin jarumar, sau da yawa sai ka gangara ƙasa cikin bayanin bidiyon kafin ka ga sunanta, a wasu ma ba a rubuta shi ba sam.